Goggon Lemo da Wuƙar Baban Marvel

Duk wanda ya bi hanyar Karu zuwa Kurudu, in ya gangara wajen rafi, zai ga wani lambu a hannun hagu, baƙaƙen ledoji jere-jere cike da dashe, ga wani allo da rana ta cinye rubutunsa tun tuni. Ba wanda ya damu da allon. Kowa ya san lambun Baban Marvel ne, kuma kowa ya san in ka tsaya sayen dashe ɗaya sai ka sha labarin lemo tun daga tushe, ko kana sauri ko ba ka sauri.

Sunansa na baftisma Thaddeus, ɗan Kure, mutumin wani ƙauye a bayan Kafanchan. Gajere ne kakkaura, mai wushirya da muryar da ta fi jikinsa. Ya zo Abuja yana saurayi, lokacin da rabin garin daji ne, rabi kuma tulin yashi da rodi. Ya ɗauki kwanon kankare, ya yi gadi, ya yi ban ruwan furanni a wata ma'aikata, har Allah ya haɗa shi da wannan fili na bakin rafi, ya kuma haɗa shi da Janet, 'yar zumuntar mata mai muryar da ake ji daga wajen coci. Abin da ya zo da shi daga gida kuwa bai wuce uku ba: jakar kaya, 'yar wuƙa mai naɗewa da ubansa ya ba shi, sai wani ɗan dashen lemo a gwangwanin madara da ya rungumo a cinya tun daga tasha.

Wannan dashe shi ne Goggo. An auro shi ne, wato an ɗauko reshensa, daga bishiyar da aka shuka a gidansu shekarar da aka haifi ubansa, don haka Thaddeus ya ce ƙanwar uba ce, dole a kira ta da girmanta. Ta gida ta daɗe da mutuwa, tsawa ta faɗa mata wata damina, shi ma ubansa Kure ya bi ta ba da jimawa ba. Ta Kurudu ce kaɗai ta rage a duniya. Ta zama ƙatuwar bishiya a tsakiyar lambu, 'ya'yanta ba su da wani kyan gani, kore-kore ne masu tabo, amma in ka fere ɗaya ka kai baki sai ka nemi wurin zama.

Sana'ar Thaddeus auren itatuwa ce. Zai shuka 'ya'yan lemon tsami mai ƙarfin saiwa, in sun kai kaurin fensir sai ya tsaga ɓawo, ya yanko ido ɗaya daga reshen lemon zaƙi ya cusa a tsagar, ya naɗe da leda. Gindi na tsami, sama na zaƙi. Yana yi yana surutu, ko kallon hannunsa ba ya yi, kuma da wuya aurensa ya ƙi kamawa. Mafi yawan idanun daga Goggo yake yanko su, amma yana auren tanjirin da garehul ga mai so.

Sai dai yana da wata al'ada da ya gada. Kowace safiya, kafin ya taɓa komai, zai je gindin Goggo ya cire hula ya ce, "Goggo, an tashi lafiya?" Sannan ya buɗe wuƙa ya ɗan tsaga ɓawonta kaɗan, har ruwan jikinta ya jiƙa bakin ƙarfen. Ubansa ya ce masa wuƙar aure ba ta fita aiki sai ta karya kumallo a jikin uwa. Kuma ba a wanke ta. Ruwa na kawo tsatsa, sabulu na kore albarka. A goga a wando, a shafa man gyaɗa, shi ke nan. Janet, wadda ko cokali ba ta bari ya kwana da maiƙo, ta yi shekaru tana hararar wuƙar nan. Sau ɗaya ta taɓa jefa ta a ruwan wanke-wanke suna sabon aure, ranar sai da maƙwabta suka shigo ba da haƙuri.

Haka rayuwa ta yi ta tafiya cikin daɗi. Da lemo aka yi wa 'yarsu Marvel makaranta har ta zama nas, da lemo aka rufa ɗaki da kwano. Sai wata shekara wani dillali ya kawo irin wani sabon lemon tsami, aka ce gindinsa ba ya jin fari, ko rijiya ta ƙafe yana nan kore shar. A Abuja, inda mutum ke sayen ruwa a kura, wa zai ƙi wannan? Thaddeus ya koma aure a kan sabon gindi, dashen ya yi kyau a leda, masu motoci suka yi ta kwasa.

Shekaru kaɗan bayan haka, wata Asabar da sassafe, wata ƙaramar mota ta tsaya a bakin lambu. Wata mata mai tabarau da mayafi ta fito da ƙullin leda a hannu. Ya gane ta, don ba ya manta fuskar mai saye: Hajiya Rukayyat ce daga Kubwa, wadda ta taɓa sayen lemo biyu da tanjirin ɗaya, ta kuma saurari labarin Goggo har ƙarshe ba ta duba agogo ba.

"Hajiya, sannu da zuwa! Yaya 'ya'yana? Sun fara ba ki lemo?"

"Baba, 'ya'yanka sun ƙi girma," ta ce tana murmushi. "Har yau ba su wuce kafaɗata ba. Ga abin da gindinsu ke yi."

Ta kwance ledar. Ɓawon itace ne a farfashe, yana ɓarewa sala-sala.

Thaddeus ya juya shi, ya shinshina, ya yanke hukunci nan take. Ƙasar Kubwa ce, duk ɓaraguzan siminti. Ta ce ta sa an kawo mata ƙasa daga fadama. To ruwan burtsatse ne, gishiri ya yi yawa. Ta ce mangwaron da ke kusa da su ruwan yake sha, ya kusa taɓa wayar lantarki. To mai gadinta ne yake ɗaure akuya a jiki. Ta ce ba ta da mai gadi, balle akuya.

"Haba madam," ya ce ya buɗe hannuwa, "to ko maƙwabta ne suka sa musu ido?"

Ta yi dariya sosai. Janet ta kawo mata kujera da kunu, shi kuwa ya ce a ba shi minti ɗaya, bai gaida Goggo ba tukuna. Ya cire hula, ya tsaga ɓawo, ya goga wuƙar a wando, ya juya kan wani layin tanjirin ya fara aiki. Rukayyat ta ajiye kofin kunun a hankali.

"Baba, kullum haka kake yi?"

"Tun kafin a haife ki."

"Kuma ba a wanke ta?"

"Tambaye shi dai, 'yata," in ji Janet. "Tambaye shi da kyau."

Sai a ranar ya san aikin Rukayyat. Ashe dakta ce, ba ta mutane ba, ta tsirrai, a wani ɗakin gwaji na gwamnati take binciken cututtukan amfanin gona. Ta roƙi ganye daga Goggo da kuma nan da can cikin lambu. Ya ba ta da fara'a, har da ƙarin lemo cikin leda, yana cewa ta gwada ta ga lafiya iya lafiya.

Da ta dawo bayan 'yan makonni ba ta yi kwana-kwana ba. Ta zauna a benci ƙarƙashin Goggo ta ce, "Baba, abin da ke damun dashen a jikin Goggo yake. Da alama tun daga gida ta zo da shi."

Thaddeus ya ɗaga kai ya dubi bishiyar, ganye lif-lif, 'ya'ya har suna rinjayar rassa. "Wannan ce mara lafiya? Dakta, ki dube ta ki dube ni. Wa ya fi wani lafiya?"

Ta ce sunan abin bairoyid. Ya fi bairas ƙanƙanta nesa ba kusa ba, ko riga ba shi da ita, ɗan zaren gado ne tsirara wanda ya naɗe kamar zobe. Ba ya cin itace, ba ya zuba dafi, shi kansa ba ya iya ƙera komai. Aikinsa kawai ya shiga ya rikita saƙo. Kowace bishiya tana da ƙwayoyin gado dubbai, kowace da aikinta: wata ta ce a yi tsawo, wata ta ce a gina ɓawo, wata ta ce a tashi a yi faɗa da cuta. In abin ya shiga, sai bishiyar ta yi ta kwafarsa da kayan aikinta ba ta sani ba. In ta farga ta hau daddatsa shi, sai wasu guntayen su yi kama da saƙonnin jikinta, ta haɗa da nata ta kashe. Ƙarshenta masu cewa a yi tsawo su yi shiru, masu cewa a yi faɗa su yi ta ihu ba dare ba rana, ƙarfin itace ya ƙare a nan.

Thaddeus ya sosa kai. Janet ce ta tafa hannu.

"Na gane! Kamar mu a zumunta. Waƙar ba ta canza ba, littafin yana nan yadda yake. Amma a ce wani ya shigo ya toshe bakin masu jan baiti, ya ce masu ganga su ƙara ƙarfi. Ai ba za a ji komai ba sai kwaramniya."

"Wallahi Mama, kin fi ni iya faɗa," in ji Rukayyat. "Zan ara in gaya wa ɗalibaina."

"To me ya sa Goggo ba ta rikice ba?" ya tambaya, muryar ta ragu.

Ta ce ba kowane lemo abin ke rikitawa ba. Lemon zaƙi irin Goggo yana ɗauke da shi lafiya lau, tsohon gindin da yake aure a kai shi ma bai damu ba, shi ya sa aka yi shekaru ba a ga komai ba. Sabon gindin nan mai jure fari shi ne ba ya jure wannan, ga zafin Abuja yana ƙara wa abin yawa. Duk idon da aka yanko daga Goggo da shi yake tafiya. Tanjirin kuwa, da bai haɗa komai da ita ba, a bakin wuƙa ya samu.

Janet ta buɗe baki, ta dubi fuskar mijinta, ta rufe. A tsawon aurensu wannan ne karon farko da ta yi gaskiya ta kuma haɗiye ta, ya kamata a yaba mata.

"Sare ta za a yi?" Thaddeus ya tambaya.

"Ba ta da magani, Baba. Da yawa za su ce a sare a ƙone, kuma ba su yi ƙarya ba."

Ransa ya ɓaci ƙwarai, ba don ciniki ba. Ubansa ba shi da hoto ko ɗaya. Abin da ya rage na Kure a duniya shi ne wuƙar nan da ɗanɗanon lemon nan, ga shi an ce su biyun ne masu laifi.

Rukayyat ta bar shi ya numfasa, sannan ta ce akwai wata hanya, sai dai tana da wuya kuma ba ta yi alkawari ba. A can ƙarshen sabon toho akwai ɗan tsinin da ke girma da sauri, sau da yawa abin bai riga ya isa wurin ba. In aka iya yanko wannan tsini kaɗai, wanda bai kai kan allura ba, aka aura shi a kan jaririn gindi mai tsabta, ana iya samun Goggo sabuwa, ba cuta.

"Aure?" ya ce, kunnensa ya tashi. "Abin da bai kai kan allura ba? Wa zai yi?"

"Ni."

Ya dubi hannuwanta masu lalle, ya kasa ɓoye shakkarsa. Ta ce ya zo ya gani da idonsa.

Ranar zuwa ɗakin gwaji kwat ɗinsa na coci ya sa, har da lakataye, ya riƙo tohon Goggo a jiƙaƙƙen tsumma kamar mai kai jariri asibiti. Aka ɗora masa farar riga a kan kwat, aka zaunar da shi gaban madubin da ke ƙara girman abu. Da ya leƙa sai ya yi baya da kujera. Tohon da ya sani duk rayuwarsa ya zama wani ƙaton tudu mai sheƙi, da 'yan ganyaye suna rungume da shi.

"Yesu! Dakta, duk wannan a cikin ɗan abin nan?"

Ta zauna, ta ɗauki ɓallin reza da aka maƙala a ɗan sanda, ta ɗauke numfashi. Ta ɓare ganyayen ɗaya bayan ɗaya, ta yanke tsinin, ta ɗora shi a 'yar tsagar da ta yi wa wani farin tsiro siriri da aka rena a kwalba. Thaddeus bai ce uffan ba har ta gama, abin da Janet ta ƙi yarda da shi da aka ba ta labari. Daga ƙarshe ya cire hula, kamar yadda yake wa Goggo.

"Ashe ke 'yar sana'a ce," ya ce. "Da ubana ya gan ki, da ya ba ki wuƙar nan ya hana ni."

Daga ranar ya daina ce mata Hajiya ko madam, sai 'yata.

Aikin bai zo da sauƙi ba. Na farko suka bushe, na biyu suka ruɓe, wasu suka kama amma gwaji ya nuna abin ya bi su. Shi kuma a lambu ya yi abin da ya wajaba, ko da yake da ƙunar rai. Ya tattara dashen da suka kamu ya ƙone, ya bi waɗanda ya sani cikin masu saye ya gaya musu gaskiya ya canza musu, ya samo idanu masu tsabta ta hannun Rukayyat. Aka kewaye Goggo da waya, ta yi ritaya daga ba da ido, amma ba a sare ta ba. Tsohuwar wuƙa ya rataye ta a reshenta, ba ta ƙara taɓa wani itace. Ya sayi sabuwa a kasuwar Karu, kuma tsakanin kowace bishiya da 'yar'uwarta sai ya tsoma ta a ruwan bilic na wanki, don an ce masa ko wuta ba ta cika kashe abin ba. Janet ce ta naɗa kanta shugabar wannan bokiti. Kowace safiya za ta haɗa ruwan ta ajiye masa a gaba da wata irin fuska.

Wata rana waya ta yi ƙara yana tsakiyar ban ruwa, ashe Rukayyat ce. "Baba, ɗaya ta kama, kuma mun gwada mun sake gwadawa. Tsaf take." Thaddeus ya yar da butar ban ruwa ya hau rawa tsakanin ledoji, har masu acaba suka tsaya kallo.

Aka ƙara aura ta a kan babban gindi, aka kawo ta Kurudu, ya dasa ta can nesa da uwar, ya sa mata suna Autar Goggo. Ta tashi da sauri kamar ana jan ta. Amma akwai abin da ke cin sa a rai wanda bai gaya wa kowa ba sai Janet. In dai abin nan yana rage wasu muryoyi yana ƙara wasu, kuma tun zamanin ubansa yana jikin bishiyar, to wa ya sani ko shi ne ke kawo zaƙin? Kada a ce an wanke cuta an wanke Kure tare da ita. Da Janet ta kai maganar, Rukayyat ta ce ba ta zaci haka ba, amma harshe ne zai raba gardama, ba madubi ba.

Shekarar da Auta ta fara 'ya'ya, ya ƙi taɓa su. Suka nuna yana kewaye su yana duba sama. Sai Janet ta gaji, ta kira Rukayyat wata Asabar da hantsi, ta zaunar da su a benci.

"Baban Marvel, ba kai ke cika baki ko idonka a rufe ka san lemon ubanka ba? Yau za mu gani."

Ta ɗaure masa ido da ɗankwalinta, ta je ta dawo da lemo biyu a faranti, ta fere, ta yanke kawunan, ta miƙa masa na farko. Ya tsotsa. Ya sake tsotsa.

"Goggo ce," ya ce a hankali. "Wannan ko a kabari na san shi. Kamar ina zaune a ƙofar gidanmu, Baba yana fere mini."

Ta miƙa na biyu. Ya tsotsa, ya ɓata fuska, ya fizge ɗankwalin.

"Maman Marvel, kin yi mini wayo! Wannan ma Goggo ce. Duka biyun a jikinta kika tsinko, kina tsoron in ji kunya gaban 'yata."

"Ni? Wayar da ka kewaye ta da ita ko akuya ba ta shiga, balle ni da zanina," in ji Janet. "Ko ɗaya ban tsinka a Goggo ba. Je ka ƙirga na Auta."

Bai je ba. Ya dubi lemon da ke hannunsa, ya dubi Rukayyat tana goge tabarau da gefen mayafi, sai ya fashe da dariya, dariyar ta juye kuka, kukan ya sake juyewa dariya, ruwan lemo yana bin gemunsa. Daɗi ya kama shi irin wanda bai ji ba tun ranar da aka haifi Marvel.

Idon farko da ya yanko daga Auta na Rukayyat ne, yana can Kubwa ya wuce katanga. Na biyu kuwa bai sayar ba, bai kuma sa shi a leda ba. Ya sa Janet ta nemo masa gwangwanin madara, ya huda gindinsa da ƙusa, ya cika da ƙasar bakin rafi, ya dasa shi a ciki. Da Kirsimeti ta zo, ya je gindin Goggo ya cire hula ya gaya mata inda za shi, sannan ya shiga motar Kafanchan. Yaran mota suka ce a sa gwangwanin a but, ya ce Goggo ma ba a but ta zo ba. Ya zauna kusa da taga, ya ɗora jikar Goggo a cinya, ya rungume ta da hannu biyu har gida.